Yadda Ake Haɗa Girgije a Cikin Gora, da Sauran Ayyukan da Za Su Nuna wa Yara Zagayen Ruwa

Duk yaron da ya kai ajin JHS, wato ƙaramar sakandare, a Asawase ko Aboabo a nan Kumasi ya taɓa zana zagayen ruwa a littafinsa: teku a ƙasa, rana a kusurwa, girgije a sama, kibiyoyi na hawa suna sauka. Zai haddace sunayen, ya zuba su a jarrabawar BECE ta kammala JHS, ya ci maki. Amma ka tsayar da shi a ƙofar gida ranar da hadari ya taso daga gabas, ka ce masa, "Wancan abin da ya yi baƙi, mene ne a cikinsa?" Amsar da za ka fi ji ita ce hayaƙi ko tururi, kuma duka biyun ba haka ba ne. Girgije ruwa ne, ɗigo-ɗigo ƙanana ƙwarai suna shawagi, wani lokaci da ƙanƙara a cikinsu. Ba ya haɗuwa sai abu uku sun taru: danshi a cikin iska, sanyi, da 'yar ƙurar da danshin zai kama. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan yaro zai iya ganinsa da idonsa a tsakar gida, da kayan da ba sai an je kasuwar Kejetia sayowa ba. Ni dai ina ganin hakkin yaranmu ne a nuna musu, ba a bar su da zanen allo kawai ba.

Ayyukan sun fi kyau a raba su kwana biyu, Asabar da Lahadi, a ranar da rana ta fito sosai. Ka tanadi gorar ruwa ta roba mai lita 1.5 guda biyu, masu haske da murfi mai ɗauruwa, kofin silba, ƙanƙara, ashana, tocila, daro, ƙaramin kofin shayi, farar leda mai haske wadda ake ganin abin da ke ciki, gishiri, robar ɗaure kuɗi ko igiya, rula da alli. In makarantar yaran na da ma'aunin zafi na ɗakin gwaji, ka aro. Na asibiti da ake sa wa mai zazzaɓi ba zai yi ba, domin ba ya sauka ƙasa sosai.

Mataki na farko: ruwa yana tashi

Da hantsi ka zuba kofi ɗaya na ruwa a kan siminti inda rana ke bugawa, wani kofin kuma a inuwa. Yara su zagaye bakin kowanne da alli. Bayan minti 15 su sake zagayewa, haka har na rana ya ɓace. Kada ka faɗa musu komai, ka tambaye su ina ruwan ya tafi. Wani zai ce siminti ya shanye. To sai a maimaita a cikin faranti na silba, wanda ba ya shan ruwa, a ga ko zai tsira.

Zafin rana ne ke mayar da ruwan tururi wanda ido ba ya gani, ya shige cikin iska. Tashin nan kuwa yana cin zafi, shi ya sa ruwan randa ke yin sanyi: kaɗan na tsatsowa ta jikin yumɓun, yana ƙafewa, yana tafiya da zafin na ciki. Mu a Kumasi muna da babban misali kusa da mu. Tafkin Bosomtwe, wajen kilomita 30 kudu maso gabas da gari, rami ne da dutsen da ya faɗo daga sama ya haƙa kimanin shekara miliyan ɗaya da ta wuce. Ƙoramu na gangarowa cikinsa, ruwan sama na zuba masa, amma babu kogin da ke fita daga cikinsa. Babbar hanyar da ruwansa ke barinsa ita ce ta sama.

Kafin ku bar wannan mataki, ku nemi reshen mangwaro ko na lemo mai ganye da yawa wanda rana ke samu. A zura shi cikin farar leda, a ɗaure bakinta sosai. Bayan awa biyu zuwa uku za ku tarar ledar ta yi gumi, ruwa ya taru a kusurwarta. Saiwa ce ta jawo shi daga ƙasa, ganye ya fitar da shi ta ƙananan ƙofofin da ke jikinsa. Kimanin kashi 10 cikin 100 na danshin da ke sararin duniya ta tsirrai yake fitowa, sauran daga teku, tafkuna, koguna da jiƙaƙƙiyar ƙasa. A yankin daji irin namu rabon itatuwa ya fi haka nauyi, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa sare daji ba ƙaramin abu ba ne. A kwance ledar da zarar an gani, don kada ganyen ya dahu, kuma kada yara su sha ruwan.

Mataki na biyu: sanyi yana dawo da shi

Ka goge bayan kofin silba ya bushe ƙarau, yara su taɓa su tabbatar. Zuba ruwan famfo zuwa rabi. Sai a riƙa jefa gutsuren ƙanƙara ɗaya bayan ɗaya, ana juyawa da cokali, idanu na kan bayan kofin. Da farko ba abin da zai faru. Can sai ka ga sheƙin silbar ya dushe, in ka ja yatsa a kai ya bar layi. Jim kaɗan ɗigo su fito, su haɗu, su gangaro.

Nan ma akwai mai cewa kofin ne ke yoyo. Ka ɗiga wa ruwan ciki ɗan zoɓo ya yi ja, a goge bayan kofin da farin ƙyalle. Gumin zai fito fari tas. Daga iska ya zo, ba daga cikin kofi ba.

Dalilin shi ne yawan tururin da iska za ta iya ɗauka ya dogara da zafinta. Ka ɗauki iska cikin faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, tsayin mita ɗaya. In zafinta digiri 30 ne a ma'aunin Salsiyos, iyakar abin da za ta riƙe wajen giram 30 ne na tururi. A digiri 20 ya ragu zuwa wajen giram 17, a digiri 10 kuwa wajen giram 9. Iskar da ta taɓa kofin ta yi sanyi, abin da ke cikinta ya fi ƙarfinta, rarar ta koma ruwa. Haka raɓa ke sauka a kan ciyawa da gilashin mota da asuba.

In kun samu ma'aunin zafi, ga abin da nake so a yi a tsanake, domin shi ne ke haɗa kofin nan da sararin sama. A fara auna zafin iska a inuwa da rana tsaka, a rubuta. Sannan a sa ma'aunin cikin kofin, a ci gaba da ƙara ƙanƙara a hankali, kuma daidai lokacin da silbar ta fara dushewa a karanta. Wannan adadi na biyu shi ne zafin da iskar ranar ke fara sakin ruwanta. A cire na biyu daga na farko, a ninka abin da ya rage da mita 125. Misali, iska digiri 31, kofi ya fara gumi a digiri 23, bambanci 8, ke nan mita 1,000. To kusan a wannan tsayin ne gindin fararen gizagizan azahar yake a ranar. Lissafin kimantawa ne, kuma ga gizagizan da zafin ƙasa ke tayarwa kawai yake aiki, amma yaron da ya auna nisan girgije da kofin shan ruwa ba zai manta ba. Ku sake gwadawa a watan Janairu lokacin hunturu. Za ku sha ƙara ƙanƙara kafin kofin ya yarda ya yi gumi.

Mataki na uku: girgijen cikin gora

Wannan shi ne babban aikin, kuma ashana a hannun babba za ta zauna.

Ɓare takardar jikin gorar ta fita duka. Zuba ruwa mai ɗumi, tsayin yatsa biyu a kwance. Mai ɗumi na ce, irin wanda za a yi wa jariri wanka da shi. Tafasasshe zai lanƙwasa robar, kuma zai rufe jikin gorar da gumi har a kasa ganin ciki. Ɗaure murfin tamau, ka girgiza sosai na rabin minti don iskar ciki ta ƙoshi da danshi, sannan ka juya ruwan ya wanke gumin da ke bango.

Ku shiga ɗaki mai ɗan duhu. A rataya baƙin mayafi ko baƙar riga a bayan gorar, yaro ɗaya ya haska tocila daga gefe, ba daga gaba ba. Kama gorar da hannu biyu ka matse iyakar ƙarfinka, ka ƙirga biyar, ka saki gaba ɗaya lokaci guda. Yi haka sau uku. Ba za ku ga komai ba, ko kuwa ku ga wani ɗan dishi-dishi da ba ya jimawa. Kada a tsallake wannan gwajin na farko don gaggawar kaiwa ga abin mamaki, domin sai da shi ne na biyun zai yi ma'ana.

Yanzu buɗe murfin. Ƙyasta ashana, bar ta ta kama itacen sosai, ka hure. Matse gorar kaɗan, kai kan ashanar mai hayaƙi bakin gorar, ka sassauta hannu a hankali, gorar za ta zuƙi hayaƙin da kanta. Kaɗan ya isa. Rufe da sauri. Ɗan hayaƙin zai baje har ka daina ganinsa. Sai ka matse da ƙarfi, ka ƙirga biyar, ka saki.

Cikin gorar zai yi fari fat nan take, hasken tocilar ya fito a cikinsa yana motsi. Sake matsewa: ya washe, kana ganin baƙin mayafin sarai. Saki: ya dawo. A nan ne za ka ji wani ya ce, "Yaya, ai hayaƙin ashanar ne!" Miƙa masa gorar ya matse da kansa. Murfi na ɗaure, hayaƙi ba shi da ƙofar fita, to me ya sa yake ɓacewa in an matse, ya dawo in an saki? Bar shi ya yi ta juya tambayar, kada ka yi saurin ba shi amsa. A ƙarshe, bayan ka saki gorar ta yi fari, buɗe murfin ka ɗan matsa ta a hankali, girgijen zai fito ta baki ya narke a iskar ɗakin.

Ga abin da ya faru. Iska in aka matse ta tana ɗumama, wanda ya taɓa bakin famfon keke bayan an gama bugu ya san haka. In ta samu sarari ta buɗe kuma tana sanyi. Da ka saki gorar, iskar ciki ta buɗe, ta yi sanyi farat ɗaya, danshinta ya fi ƙarfinta. Amma tururi ba ya komawa ɗigo a tsakiyar iska haka kawai, sai ya samu abin da zai kama. A kan kofi ya samu silba. A cikin gora ya samu ƙwayoyin hayaƙi, kowace ƙwaya ta zama cibiyar ɗigo guda. Wani masani ɗan Sikotilan, John Aitken, ya nuna haka a 1880 da gwaji mai kama da wannan: iskar da ya tace ta fita daga ƙura ba ta yi hazo ba, wadda bai tace ba ta yi.

A sama babu hannun da ke matsewa, hawa ne ke yin aikin. Rana na gasa ƙasa da rufin kwano, iskar da ke kansu ta yi zafi ta yi sauƙi, ta tashi. Duk yadda ta hau, nauyin iskar da ke danne ta na raguwa, sai ta buɗe ta yi sanyi, kusan digiri 10 a kowace kilomita ɗaya kafin ta fara sakin ruwa. Inda ta kai kusa da wancan zafin da kuka auna da kofi, nan girgije ke farawa. Shi ya sa gindin gizagizan azahar yake a shafe, duka a layi ɗaya, alhali kawunansu na tudu-tudu kamar tarin auduga. Ƙwayoyin da tururin ke kamawa kuwa ba su ƙarewa: gishirin da igiyar teku ke fesawa, ƙurar hanya, hayaƙin gawayi da na ƙona daji.

Mai kaifin basira zai tambaye ka, "To Malam, hunturu ai ƙura ta fi yawa, me ya hana girgije?" Tambaya ce mai kyau ƙwarai. Iskar hunturu daga Sahara take, tana ɗauke da ƙurar da mai yawa daga cikinta ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, amma busasshiya ce. Ƙura ta samu, danshi babu. Ku gwada da busasshiyar gora da hayaƙi ba ruwa a irin wannan lokaci, ku ga bambanci. Iskar damina kuwa daga kudu maso yamma take zuwa, ta biyo ta kan Tekun Atlantika ta sha danshi.

In girgijen ya ƙi fitowa, yawanci ɗayan huɗu ne: murfin na sace iska, ruwan ya huce, ana sakin gorar a hankali maimakon lokaci guda, ko hasken ɗakin ya yi yawa. In kuma gorar ta yi fari ta ƙi washewa ko an matse, hayaƙi ya yi yawa. A wanke ta a sake.

Mataki na huɗu: daga girgije zuwa ruwan sama

Ɗigon girgije ƙarami ne ainun, wajen kashi 2 cikin 100 na milimita ɗaya. Saukarsa a hankali take har iskar da ke hawa ta fi shi sauri, shi ya sa yake zama a sama. Ɗigon ruwan sama na yau da kullum ya kai milimita 2, kuma sai kimanin ɗigon girgije miliyan ɗaya sun haɗu kafin a samu guda. A hadari mai tsawa, wanda kansa ke wuce kilomita 12, da yawan ruwan ƙanƙara yake farawa a can sama, ya narke a hanya.

Don a ga haɗuwar ɗigo, zuba ruwa mai ɗumi a daro tsayin yatsa uku, ka narka gishiri cokali biyu, yara su ɗanɗana. Ajiye kofin shayi wofi a tsakiya, in yana yawo a sa masa wankakken dutse. Rufe bakin daron da farar leda, ɗaure ta zagaye, ka ɗora tsakuwa a tsakiya daidai saman kofin don ledar ta ɗan lotsa. Kai shi rana ka bar shi awa huɗu. Ƙarƙashin ledar zai fara da feshi mai laushi, ƙananan su riƙa haɗewa, wanda ya yi nauyi ya gangara wajen tsakuwar yana kwashe na kan hanyarsa, ya ɗiga cikin kofi. In kuna so ya yi sauri, a ɗora gutsuren ƙanƙara a madadin tsakuwa. Da yamma a ɗanɗana na cikin kofin. Babu gishiri. Kimanin kashi 97 cikin 100 na ruwan duniya na gishiri ne, amma abin da ke saukowa daga sama mai daɗi ne, saboda gishirin ba ya tashi tare da tururin.

Daga nan sai a bi ruwan a ƙasa, da sunayen da yara suka sani. Wanda ya sauka a rufinku ya bi kwata zuwa rafin Aboabo ko Subin, ya shiga kogin Oda, Oda ya zuba a Offin, Offin a Pra, Pra ya faɗa teku a Shama. Wani ya nutse a ƙasa ya zama ruwan rijiya da burtsatse. Wanda ya sauka arewa maso yamma da gari yakan taru a madatsun Barekese da Owabi, ya dawo mana ta famfo. In ya sake tashi sama, kwana tara ne a matsakaici yake yi a iska kafin ya sauko, wataƙila a wata ƙasa dabam. Ledar da aka jefa a kwata da lakar da masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba ke damawa a Offin da Pra ba sa cikin abin da rana ke ɗagawa. Suna nan a hanyar ruwan, kuma mu ne ke shan wahalarsu.

Mataki na biyar: ma'aunin ruwan sama da littafin lura

Ɗauko gora ta biyu, ka zaɓi mai miƙaƙƙen jiki. Yanke kanta daga inda kafaɗar ta ƙare, ka kifa shi cikin gindin ya zama mazurari. Zuba tsakuwa a ƙasa don iska kada ta kayar da ita, ka ƙara ruwa har ya rufe tsakuwar ya wuce lanƙwasar gindin. Ja layi a daidai saman ruwan, nan ne sifiri. Manna rula a jiki, sifirinta a kan layin. A kafa ta a fili, nesa da indararo, bango da itace. Kowace safiya a lokaci ɗaya yaro ya durƙusa idonsa daidai da saman ruwan, ya karanta milimita, ya rubuta, ya zubar har zuwa layin sifiri. Sau ɗaya a mako a wanke ta a canza ruwan gindin saboda sauro.

Gefen adadin ya rubuta yadda sama take da safe, da azahar da la'asar. Cikin 'yan makonni zai lura da kansa cewa a Afrilu da Mayu safiya na farawa garau, kafin azahar fararen gizagizai sun fito, zuwa la'asar wasu sun yi tsayi, gindinsu ya yi baƙi, kansu ya baje, iska mai sanyi ta riga ruwan isowa. Watan Agusta kuma zai ba shi mamaki: sama a lulluɓe da toka-toka kusan kullum, garin da sanyi-sanyi, amma ma'auni ba ya tara abin kirki sai yayyafi. A lokacin babban ruwan ya haura arewa wajen Tamale da Bolgatanga, ruwan tekun gaɓarmu ya yi sanyi, iskar ba ta da ƙarfin hawa can sama, sai girgijen ya shimfiɗu ƙasa-ƙasa. Daga Satumba ruwa ya dawo har zuwa Nuwamba.

In akwai 'yan uwa a Nima ko Mamobi a Akra, a sa yaransu su kafa tasu gorar a riƙa musayar adadi ta waya. Kumasi na samun wajen milimita 1,400 a shekara, Akra kuwa, duk da tana bakin teku, wajen 800 kawai, domin iskar damina na bin gefen gaɓar ne a can maimakon ta hau tudu kai tsaye, ga kuma sanyin ruwan tekun da ke hana iska tashi. Ana iya gwada abin da kuka samu da rahoton Hukumar Kula da Yanayi ta Ghana, amma kada a yi mamaki in ya bambanta, domin hadari kan zubar a Aboabo ya bar Bantama a bushe.

Milimita ɗaya a kan fili mai mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi lita ɗaya ce. Yara su auna rufin ɗakinku daga ƙasa. In mita 10 ne da mita 5, ruwan milimita 20 na dare ɗaya ya sauke lita 1,000 a kansa, wato jarka mai lita 25 guda 40. Wanda zai tara ya bar na mintunan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye daga kwanon tukuna, sannan ya kai durom ƙarƙashin indararo, ya kuma rufe bakinsa in ya cika.